Yadda ake zaɓen ƙungiyar tseren gudu a miƙaƙƙen fili da yadda ake shiga

A wannan wasa ba a jera motoci a sake su tare. Mota ɗaya ko babur ɗaya ake saki a miƙaƙƙen fili, na'ura ta auna gudunsa, a gwada da mafi girman gudun da aka taɓa yi a ajinsa. Filayen da suka dace da haka kaɗan ne a duniya, kuma kowace ƙungiyar da ke shirya gasa a cikinsu tana da nata dokoki. Don haka fili za ka fara zaɓa, shi zai nuna maka ƙungiyar. Wanda ya fara haɗa mota sannan ya tafi neman inda zai tuƙa ta, yawanci sai ya yanke abin da ya yi walda ya sake.

Uwar ƙungiyoyin ita ce SCTA, ƙungiyar auna gudu ta kudancin Kalifoniya a Amurka, wadda aka kafa a 1937. Ita ke shirya gasa a busasshen tafkin El Mirage daga Mayu zuwa Nuwamba, ita ce kuma ke da makon gudu na watan Agusta a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah, wanda aka fara a 1949. A nan ne sababbi suka fi ruɗewa. Ba a shiga SCTA kai tsaye, sai ta ɗaya daga cikin ƙananan kulob-kulob da ke ƙarƙashinta, irin su Road Runners, Sidewinders, Gear Grinders da San Diego Roadster Club. In El Mirage kake so, dole ka zama ɗan kulob. In kuwa Bonneville kaɗai ne burinka, sau ɗaya a shekara, rajista da BNI, reshen da ke gudanar da makon gudun, ta wadatar.

Filayen biyu ba halinsu ɗaya ba. A El Mirage ƙasa ce busasshiya mai ƙura, hanyar mil 1.3 ce, kusan kilomita 2, kuma a ƙafa 132 na ƙarshe ake auna gudu. Gudu ɗaya ya isa kafa tarihi. A Bonneville gajeriyar hanya mil 3 ce, doguwar mil 5, kuma sai an yi gudu biyu an ɗauki matsakaicinsu: in ka wuce tarihin ajinka yau, za a killace motar, a ba ka 'yan sa'o'i ka duba ta, gobe da sassafe ka maimaita. Sannan Bonneville ba shi da tabbas. An soke makon gudun a 2014 da 2015 da 2022 saboda ruwa da lalacewar gishirin. Mai zuwa daga nesa ya kama ɗaki a garin Wendover da ke kusa da filin, da sharaɗin zai iya fasawa.

Mai motar hawa ta yau da kullum wanda yake so ya ɗanɗana kafin ya zuba kuɗi, USFRA, ƙungiyar masu tsere a filin gishiri ta jihar Utah, ta fi masa. Ita ke shirya gasar World of Speed a Bonneville a watan Satumba, kuma tana da rukunin mil 130 a sa'a, wato kilomita 209, inda motar titi mai lafiyayyun tayoyi da direba mai hular kwano za su yi gudu biyu tsakanin 130 da ƙasa da 140 a cikin mil ɗaya. A baki kamar wasa, amma gishiri ba ya riƙe taya kamar kwalta, ga shi filin yana kan tudu na kusan mita 1,280, iskar ba ta da kauri, inji kuma yana rasa ƙarfi. Motoci da yawa da ke wuce wannan gudun a titi sukan gaza a can.

A gabashin Amurka tsofaffin titunan jirgin sama ake amfani da su. ECTA, ƙungiyar auna gudu ta gabashin ƙasar, ta yi shekaru a Maxton da ke North Carolina, ta koma Wilmington a Ohio, daga baya Blytheville a Arkansas. Ƙungiyar Loring a jihar Maine tana auna mil ɗaya da kuma mil ɗaya da rabi. A irin waɗannan filaye taya na kama ƙasa sosai, amma wurin tsayawa gajere ne, don haka birki ya zama babbar magana. A Ostareliya akwai ƙungiyar DLRA mai gasa a tafkin gishiri na Gairdner wajen watan Maris, wuri mai nisa da gari wanda sai ka yi guzurin ruwa da mai. A Birtaniya ƙungiyar Straightliners na shirya gudu a filin jirgin sama na Elvington da rairayin bakin teku na Pendine.

Kafin ka biya ko sisi, nemi littafin dokokin ƙungiyar na wannan shekarar, domin duk shekara ana sabunta shi. Karanta sashen tsaro tukuna, sannan ka nemo ajinka. Aji yana haɗa siffar jikin motar, girman inji, irin mai, da ko akwai na'urar tura iska cikin inji. A dokar SCTA, alal misali, ajin G na injin da ya kai kusan lita 1.5 zuwa 2.0 ne, F kuma daga nan zuwa kusan lita 3.0. Injin da ya haura iyakar aji da ɗan kaɗan ya faɗa ƙasan aji na gaba, inda zai kara da waɗanda suka fi shi girma nesa ba kusa ba. Ƙaramin gyaran jiki ma, kamar toshe gaban mota don iska ta zame, yana iya fitar da ita daga ajin motocin kamfani. Rubuta wa shugaban kwamitin ajin ka tambaya kafin ka taɓa ƙarfe, ka kuma ajiye amsarsa.

Sai zaɓen kulob ɗin kansa. Je gasa ɗaya ko biyu a matsayin ɗan kallo, ka zaga rumfunan gyara, ka ga su wa ke tuƙa irin abin da kake son tuƙawa. Wani kulob ɗin 'yan babur sun fi yawa, wani kuma na masu tsofaffin buɗaɗɗun motoci ne. Tambayi inda suke taro da sau nawa, da ko suna karɓar mamba na nesa. Wasu sai ka halarci taro, wani mamba ya tsaya maka, a kaɗa ƙuri'a. Kuɗi kashi biyu ne, na kulob da na uwar ƙungiya, ban da kuɗin shiga kowace gasa.

Tambayar da ta fi duka muhimmanci ita ce ta aiki. 'Yan sa kai ne ke gudanar da komai: shimfiɗa wayoyin auna gudu, jera alamomin hanya, sintiri a gefen fili don kada wani ya kutso, da share hanya bayan an tashi. Ana raba wa kowane kulob nasa kason, shi kuma ya raba wa mambobinsa. Wanda aka sa sintiri bai zo ba ya jawo wa kansa da kulob ɗinsa hukunci. In ka san ba za ka iya zuwa El Mirage ranar da ba ka da gudu ba, gara ka tsaya a rajistar Bonneville. Kulob mai sufeton duba motoci a cikin mambobinsa kuwa riba ce babba, don zai iya leƙa motarka a gareji tun ana haɗa ta.

Lasisin gudu hawa-hawa ne, ko da kai gogaggen direba ne a wani wasan. A SCTA lasisin tuƙi na gwamnati yana kai ka ƙasa da mil 125 a sa'a. Daga nan D ya kama 125 zuwa 149, C 150 zuwa 174, B 175 zuwa 199, A 200 zuwa 249, AA 250 zuwa 299, sai marar iyaka daga 300. Kowane mataki sai ka yi gudu a cikin iyakarsa jami'i ya sa hannu. Sabon direba da ma'aikatansa dole su halarci bitar sababbi, a zaga da su hanyar a nuna musu inda ake kaucewa. Wanda zumuɗi ya ɗebe shi ya wuce iyakar da aka ba shi, gudun bai ƙirgu ba, sai ya sake.

Wurin duba mota ne ake mayar da mutane da yawa, kuma kan abubuwan da ake iya kaucewa. Hular kwano mai tambarin Snell da bel ɗin kujera mai tambarin SFI, wato hukumomin da ke tantance ingancin kayan tsaro, suna da wa'adi, tsoho ba ya wucewa ko bai taɓa shan wahala ba. Ana duba kaurin bututun kejin ƙarfen da ke kare direba da tazarar da ke tsakaninsa da hular direba, da na'urar kashe gobara, da ko tayoyin sun dace da gudun tarihin ajin, ba gudun da kai kake sa ran yi ba. Motar da ajinta ya wuce mil 175 a sa'a sai da lemar birki, wato lemar da ake saki ta baya don rage gudu. Za a kuma sa ka shiga da cikakkun kayanka, a ɗaure ka, ka nuna za ka iya kashe inji, ka saki lema, ka kai hannu ga na'urar kashe wuta, ka fito da kanka ba tare da taimako ba. Gwada wannan a gida har hannunka ya saba. Ɗan babur kuma yana buƙatar rigar fata mai rufe jiki duka, igiyar da ke kashe inji in ya faɗi, bawul ɗin taya na ƙarfe da murfin kaca.

Ba a zuwa wannan wasa mutum ɗaya. A Bonneville da El Mirage ba a tuƙa motar tsere a wurin gyara ko a hanyar dawowa, jan ta ake yi, don haka kana buƙatar motar rakiya mai rediyon sadarwa na CB da tukunyar kashe gobara, da aƙalla mutum ɗaya da zai bi ka ya ɗauko ka. Tafi da tamfol na shimfiɗawa ƙarƙashin motar don kada mai ya zuba a fili, da rumfa, da ruwan sha mai yawa, da tabarau, domin hasken gishiri yana ƙona fata har ƙarƙashin haɓa. In a ajin fetur kake a Bonneville, je da tanki babu komai, a wurin za ka sayi man a liƙe tankin da hatimi. Bayan an tashi, wanke ƙarƙashin motar tseren da ta rakiyar da tirela da ruwa mai yawa, a cire tayoyi a wanke birki da mahaɗan wayoyi, in ba haka ba tsatsa za ta cinye su kafin gasa ta gaba.