Ku riƙa duba tukunyar kashe gobara ranar biyan kuɗin wuta

Ƴan uwa masu shaguna da masu gidajen haya na Maradi, ku ɗaura ɗan kati a wuyan kowace tukunyar kashe gobara, ku duba ta duk ranar da za ku biya kuɗin wutar lantarki na kamfanin NIGELEC, sannan ku rubuta kwanan wata a katin.

Na haɗa su ne saboda ba a manta takardar wuta, amma tukunya takan shekara a bango ba wanda ya kalle ta.

Ku tabbatar allurar agogonta, wato ma'aunin ƙarfin iskar da ke cikinta, tana kan kore, ƙusar hannunta kuma ba a zare ta ba. Ku leƙa bakin tiyo da kyau, domin a shagonmu na tarar zanzaro ya cika shi da laka, ga ƙurar hunturu ta rufe agogon har ba a ganin allurar.

Idan ƴan kwana-kwana suka zo bincike, katin zai nuna musu ana kula da kayan, kuma za ku gano wadda iskarta ta zurare tun ana iya sake cika ta, kafin a tilasta muku sayen sabuwa.

Sai dai tukunyar CO2, mai faffaɗan baƙin baki, ba ta da agogo, nauyinta ake aunawa a gane ko ta ragu. Haka kuma dubawarku ba ta maye gurbin binciken ƙwararre na shekara-shekara, kuma duk wadda aka fesa ko sau ɗaya dole a kai ta a sake cikawa.