Yadda ake rufe aikin tono kafin a tafi karatun digiri na biyu

Mai aikin tonon kayan tarihi a ƙasar Zazzau, ko a gindin dutsen Kufena yake ko a kufan Turunku, abu biyu ne ke tashinsa daga fili: ruwan farko da kan sauka daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, da manomin da ke son gonarsa don ya yi shara. In kuma ka samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, ga rajista na jiranka a Samaru. Don haka ka ware kwana goma na ƙarshe don rufewa kawai. Kada a buɗe sabon rami a cikinsu, ko da an ga bakin tukunya ya leƙo. A rubuta inda yake, a bar wa masu zuwa baɗi.

Fara da bangon rami, don shi ne shaidar da ba ta dawowa in an cike. A kankare shi da cokalin magina daga sama zuwa ƙasa, ya miƙe sak. Ƙasar rani takan bushe ta zama kala ɗaya, sai a fesa mata ruwa kaɗan, nan take jar ƙasa ta rabu da toka da baƙar ƙasar juji. A ɗauki hoto da sassafe ko bayan la'asar, da sandar awo da kibiyar arewa da allo mai lambar rami. Hoton tsakar rana yakan fito fari fat, rabin bangon kuma inuwa ta cinye. Sannan a ja igiya daidai da ma'aunin ruwa, a zana bango a kan ma'aunin 1:10 (santimita ɗaya a takarda, goma a rami), shimfiɗar rami a kan 1:20. Lambar kowane hawa na ƙasa ta zama iri ɗaya a zane da littafi da leda. A nan aka fi yin ɓarna, sai bayan wata shida a tarar da hawa biyu masu lamba 7, wanda ya tona kuma ya manta wanne ne wanne.

In ka ɗauki wuri da GPS, rubuta tsarin awon taswira da na'urar ke kai, ko WGS84 na duniya ne ko Minna na Najeriya. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan Minna suke, kuma bambancin ya isa ya kai mutum gonar maƙwabci.

Gawayin da za a aika gwajin shekaru shi ya fi son lallaɓawa. Da bakin cokali mai tsabta ake ɗaukarsa, hannu ba ya taɓa shi. A bar shi ya bushe a inuwa, a naɗe a takardar alminiyam, sannan a sa a leda. Ba a haɗa shi da auduga ko takarda, ba a shan taba a kusa da shi, don sinadarin kabon na cikin gawayin ake gwadawa, sabon kabon kuma yana gurɓata sakamako. In aka rufe shi da danshi, fumfuna za ta kama shi. Tsingaro kuwa a wanke da buroshi mai laushi, ban da wanda ke da baƙin hayaƙi ko ƙanzo a ciki, wannan a bar shi yadda yake don ana iya gano abin da aka dafa. Ƙarfe ba ya shiga ruwa sam. Kashin maƙera, wato dattin da kan rage in an narka tama, wanda ba a rasa shi a tsofaffin wuraren narka tama na kewayen Samaru, nauyi gare shi, a rarraba shi a ƙananan leda kada ya farfasa sauran kaya. Kowace leda takardar shaida biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, da sunan wurin da lambar rami da hawa da zurfi da kwanan wata. Kwalaye kada su kwana a ƙasa: gara takan cinye kwali da takardar shaida cikin 'yan makonni, a bar ka da tsingaro marar asali.

Cikon rami hakkin mai gona ne. A shimfiɗa buhuna a ƙasan ramin da bangonsa, a jefa robar ruwa ɗaya ko biyu, don mai tono na gaba ya san inda aka tsaya. A zuba ƙasa kamar santimita 20 zuwa 30, a daddaɓe, a ƙara. Baƙar ƙasar sama, wadda ya kamata a ce tun ranar farko an tara ta daban, ita ce ta ƙarshe, a yi mata ɗan tozo don za ta zauna in an yi ruwa. Ramin da aka cike da garaje yakan zama kududdufi a Agusta, saniya ta karye a ciki, baɗi kuma babu mai ba jami'a fili. A biya leburori cif kafin a naɗe sansani, a je a yi wa mai unguwa da dagaci sallama tare da mai gonar.

Saura takardu. Doka ta ɗora kula da kayan tarihin ƙasa a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma ita ke ba da izinin tono. Ko ɗan dutsen ado ɗaya ba ya bin ka gida. Ka miƙa kaya da jerin sunayensu, shugaban aiki ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin fili, ka ajiye a wuri biyu.

In kana son gina kundinka a kan wannan wurin, nemi izinin malamin da ke shugabantar aikin a rubuce tun kuna tare, a fayyace ramukan da aka yarda ka yi aiki a kansu da ɗakin da kayan za su zauna. Alkawarin baki yakan bi iska in malam ya tafi hutun bincike. A zaman nan kuma ka roƙi wasiƙar shaida, ka tambaya ko za a iya kai tsingaro Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'ar don gwada sinadaran yumɓu, da wanda zai biya kuɗin. Takardar cikakken sakamako da shaidar hidimar ƙasa kuwa ka fara bin su tun kana fili, don sun fi komai cin lokaci.