Iyakar harshe a Beljiyam da abin da ta shafi baƙo

Kafin ka kama haya a Beljiyam, fara tambayar yankin da gidan yake, domin harshen da hukuma za ta yi maka magana da shi ya rataya ne a kan haka. Ƙasar ta ɓalle daga Holan a 1830, kuma shekaru da yawa Faransanci ne harshen mulki, alhali masu Holanci na arewa sun fi yawa. A 1962 da 1963 aka shata iyakar harshe: Filandas a arewa sai Holanci, Waloniya a kudu Faransanci, Burasel mai ƙananan hukumomi 19 ta riƙe duka biyun, ga kuma 'yan tsirarun masu Jamusanci a gabas. Rikicin ya kai har jami'ar Luven, inda zanga-zangar 1968 ta sa aka raba ta gida biyu, har littattafan laburare sai da aka kasafta.

Don haka ɗan Nijar da ya zo da Faransancinsa ya sauka a Antuwap da ke Filandas, kada ya ɗauka wulaƙanci ne in ma'aikacin komin, wato ofishin ƙaramar hukuma, ya miƙa masa takarda da Holanci. Doka ce ta ɗaure shi. Nemi wanda zai fassara maka, kuma kada wasiƙa ta kwana ba a karanta ba, don yawancinsu akwai wa'adi a ciki. Mai bizar dogon zama yana da kwana 8 na aiki ya gabatar da kansa a komin. Daga nan ɗan sandan unguwa zai zo ya tabbatar kana kwana a adireshin. Nan mutane suka fi tuntuɓe: babu suna a jikin ƙararrawar ƙofa da akwatin wasiƙa, ya zo ya koma, katin zama ya makale.

Musulunci kuwa ba baƙo ba ne. Yarjejeniyar 1964 ta kawo ma'aikata daga Maroko da Turkiyya, a 1974 gwamnati ta amince da addinin a hukumance, shi ya sa ake iya zaɓa wa yaro darasin Musulunci a makarantun gwamnati. Amma batun layya ya bi yanki: tun 2019 Filandas da Waloniya suka hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, majalisar Burasel kuma ta ƙi irin wannan doka a 2022. Tun kafin Sallah ta matso, ka tambayi masallacin unguwarku ko mahaucin halal yadda ake yi.