Darasi na 7: Agogon Jos da Agogon Makka

Idan agogo ya buga ƙarfe 12 na rana a Jos, a Makka ƙarfe 2 ne. Makka na gaban Jos da awa biyu, rani da damina, domin Najeriya da Saudiyya ba sa sauya agogo a cikin shekara kamar yadda Ingila ke yi.

Dalili shi ne duniya na juyawa ne daga yamma zuwa gabas, saboda haka wanda ke gabas ke riga ganin rana. Masana sun raba kewayen duniya zuwa digiri 360, tana kuma zagaye su cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa. Jos na wajen digiri 9 gabas, Makka kuma wajen digiri 40. Tsakaninsu digiri 31, awa biyu ke nan da 'yan mintoci.

Ga lissafin: in kana Jos, ƙara 2 a kan agogonka ka sami lokacin Makka. In kana Makka, cire 2.

Kuskuren da aka fi yi shi ne juya lissafin. Mai son gaida alhajinsa ya bari sai ƙarfe 10 na dare, alhali can sha biyun dare ta yi, bawan Allah ya sha ɗawafi ya kwanta. Gara a kira tun wajen 7 na yamma.

Tikitin jirgi ma na rikita mutane, don kowane lokaci da aka rubuta a kai na garin da ake magana ne. A ce jirgi ya tashi Abuja 10 na dare, ya yi awa 5 a sama. A agogon hannunka 3 na dare ne, amma a Jidda 5 na asuba ta yi. Waya kan gyara kanta in an kunna mata lokaci na atomatik, agogon hannu kuwa sai ka murɗa shi. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya tambayi likita tun kafin tafiya yadda zai daidaita lokacin sha.

Salla da buɗa-baki ba ruwansu da wannan lissafi, rana suke bi. Ganin ana shan ruwa a Harami ta talabijin ba ya nufin mutumin Jos ya ɗauki dabino.

Halin garuruwan ma ya sha bamban. Jos na kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, ga ruwan sama daga Afrilu zuwa Oktoba, ga sanyin Disamba da ke sa a nemi rigar sanyi. Shi ya sa dankalin Turawa da kabeji suke yi, kuma 'yan gwari na kasuwar Farin Gada da sassafe suke ciniki. Makka kwari ce tsakanin duwatsu, ruwa kaɗan, zafi kan haura digiri 40 a watan Yuni. Can da tsakar rana akan fake a inuwa, sai bayan isha kasuwa ke cika. Hutun mako a ofisoshinsu Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce.

Aikin yi: Hajiya a Makka ta ce a kira ta ƙarfe 9 na safe agogonsu. Ƙarfe nawa ɗanta da ke Bukuru, kusa da Jos, zai kira?