Tara tsofaffin hotunan namun daji na bugun ƙarfe: gane na asali da adana shi

Kafin kyamara, mai zane ne ke zana giwa ko dorina, masassaƙi ya karce zanen a farantin jan ƙarfe, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a danne da jiƙaƙƙiyar takarda a injin matsi. Yawancin waɗanda ke kasuwa yau shafuka ne da aka ciro daga tsofaffin littattafan Turai, kamar na Buffon na Faransa da suka fara fitowa a 1749, ko jerin ƙananan littattafai 40 na Jardine da aka buga a Edinbara daga 1833 zuwa 1843. Na Jardine sun fi dacewa da mai farawa, domin suna da yawa kuma ba su cika tsada ba. Ka zaɓi dabba guda, kura ko raƙumin dawa, ka bi ta. Ta haka ido ke gogewa.

Kayan aikin kaɗan ne: gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo, da tocila, da hannu wankakke busasshe.

Fara da gefe. Matsin faranti yana barin shaida, wato ɗan rami mai kusurwa huɗu kewaye da hoton. Kwantar da hasken tocila daga gefe, zai fito. Amma kada ka tsaya nan, don masu jabu sukan danna faranti maras zane a kan kwafi. Ɗora gilashi a kan gashin wuyan zaki ko zanen damisa. A bugun asali za ka ga layuka tsaf, masu kauri a tsakiya da tsini a ƙarshe, tawadar ta ɗan tashi sama da takarda. In ka ga ɗigo-ɗigo a jere kamar raga, ko barbaɗin launuka, bugun zamani ne, komai tsufan da takardar ta nuna. Ruwan shayi ma yana tsufar da takarda.

Sai ka ɗaga ta a haske. Wanda ya taɓa riƙe tsofaffin rubuce-rubucen malaman Gwandu ya san wannan, ya san tambarin jinjirin wata guda uku da ke ɓoye a jikin takardar. Takardar ƙarni na 18 tana nuna siraran layuka a matse, da wasu da suka gitta su, tazararsu kamar santimita 2 da rabi. Ta ƙarni na 19 galibi sumul take. A ƙasan hoton, sunan hagu mai "del." na mai zane ne, na dama mai "sc." na masassaƙi.

Rashin shaidar faranti ba ya nufin jabu kai tsaye. Hotunan dabbobin Bewick, masassaƙi ɗan Ingila, na 1790 sassaƙar katako ne, ba sa barin rami. Manyan hotunan littafin Barth, matafiyi Bajamushe wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, bugun dutse ne, shi ya sa suke da laushi kamar zanen alli. Wani lokaci kuma mai ɗaure littafi ne ya datse gefen.

In ta intanet za ka saya, nemi hoton baya, da na gefe huɗu, da awo a santimita. A turo maka a shimfiɗe tsakanin kwali biyu masu tauri.

Babbar matsala a nan adana ce. Abu na farko, kada a kai shi shago a yi masa lamineshan yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta. Zafi da gam suna shiga zaren takardar, gam ɗin ba ya sake fita, darajar hoton ta tafi ke nan. Salatif ma haka: cikin 'yan shekaru yake barin tabo ruwan ƙasa. In takarda ta yage, a bar ta a yage.

Daga Yuli zuwa Satumba laima ke kawo fumfuna da ɗigon tsatsa, musamman a garuruwan bakin kogi irin Yauri da Argungu. Abin da ake so danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. Sa kowane hoto cikin takarda maras asid, a shimfiɗe a akwatin ƙarfe, da ƙunshin silika masu tsotse danshi, ana sauya su in sun cika. Ɗora akwatin a kan bulo, nesa da bango, saboda gara. Buɗe shi duk wata ka duba kashin kyankyaso. Da hunturu kuwa takarda kan bushe ta yi ƙaras, lanƙwasa kaɗan sai ta karye, don haka a ɗauke ta a kan kwali. Ƙura da buroshi mai laushi ake share ta, ban da tsumma.

Wanda zai rataye, ya sa kwali mai taga tsakanin hoto da gilashin firam, domin in suka haɗu, gumi ya taru, tawada ta manne. A guji bangon da rana ke duka, da ɗakin da hayaƙin murhu ko turaren wuta ke shiga. Launin da aka shafa da hannu, musamman ja da rawaya, shi ke fara koɗewa, don haka bayan wata 3 a sauke wannan a rataye wani.