Kurakuran da yara suka fi yi wajen cike takardar darasin tarihi, da yadda za a gyara su

Shekara ukku ke nan da na daina yi ma ƴan turwaziyam (ajin ƙarshe na kwaleji) dikte na rezime, wato ina karanta taƙaitaccen darasi suna rubutawa, tun daga farko har ƙarshe. Abin da nake yi yanzu, takarda guda nake shiryawa in kai hotokopi a bakin kasuwa, a sama ga kan darasi, a ƙasa ga ƙananan kawuna, sai gurabe da na bari babu komi, ina bayani su kuma suna cikewa da hannunsu. A aji irin namu na nan Tawa da yara suka cika har bakin ƙofa, ga zafi ga ƙarar babura daga waje, wannan dubara tana taimako ƙwarai. Amma fa duk sadda na karɓi kaye, littafin rubutunsu, in duba, kurakuran nan dai su ne, shekara da shekara kamar gadonsu aka yi.

Na farko kuma shi ne uban sauran: yaro ya zauna yana farautar gurbi. Kunnensa ba ya kan labarin, jira kawai yake ya ji lamba ko suna ya jefa cikin rami ya ɗaga kai. Na ba su takarda kan babban birnin ƙasarmu Nijar, layin ya ce an maido shi daga ...... zuwa ...... a shekarar ......, kowa ya sa Damagaram, Yamai, 1926, daidai babu kuskure. Sati na zagayowa na yi antero, wato ƴar jarabawa, na ce to mi ya sa Turawa suka tashi daga Damagaram? Aji ya yi tsit sai ka ce an yi ruwa an ɗauke. Alhali na faɗa da bakina, ƙarancin ruwan sha a Damagaram, kusancinta da Kano inda Ingilishi suke, ga Yamai kuma a bakin kogi. Babu wanda ya rubuta don ban bar ma wannan gurbi ba. Gyaran ba shi da wuya: ka ja layi da bik a gefen dama na takardar, faɗin yatsa ukku, wannan filin naka ne ba na mushe (malam) ba. Duk sadda ka ji malam ya ce "saboda", "shi ya sa", "abin da ya biyo baya", to hannunka ya tafi can, ko da kalma huɗu ce.

Bari in nuna abin da nake nufi da wani darasi da ya shafe mu kai tsaye. A takarda akwai shekaru a jere, 1890, 1898, 1904, yarjeniyoyin Faransa da Ingila kan iyaka. Wanda ya haddace su haka tsirara kwana biyu ya manta, ko ya juya su. Amma dubi labarin da ke ɗaure da su. A 1890 an ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, a kan taswira kawai, mutanen da ba su taɓa taka wurin ba. A 1898 aka zana rabin da'ira mai mil 100 kewaye da Sakkwato aka ce na Ingila ne, sai ya zamanto ayarin Faransawa da ke son zuwa Damagaram daga kogi dole ya yi arewa ya biyo ta Filinge da nan Tawa, hanya mai ƙarancin rijiyoyi, dabbobi na mutuwa. Kukan da suka yi ta yi ke nan har aka sake zama a 1904 aka sassauto da iyakar kudu, Maraɗi ta faɗo ɓangaren Faransa. Yarinyar da ta rubuta a gefenta "1898 → babu ruwa a hanya → 1904 an gyara" ta fi wanda ya cike gurabe goma, kuma ita ce ranar jarabawa ta ba ni amsa mai kai da gindi.

Sai masu kishiyar wannan, wato masu son rubuta komi. Waɗannan har tausayi suke ba ni don ƙoƙari gare su, in na yi tari ma ina jin sai sun rubuta. Ana layi na shida su suna na biyu, daga nan sai "mushe a maimaita". Ka rage. Kibiya tana maye gurbin jimla guda, Faransa ta zama F, Ingila ta zama I, muddin ka rubuta ma'anarsu sau ɗaya a bangon kaye don kada gobe kai kanka ka kasa karanta hannunka.

Shekaru kuma suna da nasu tarkon. Wanda ya fi kama yara shi ne ƙarni: an ce yaƙin Tondibi 1591, sai a rubuta ƙarni na 15 don an ga 15 a gaba. Ƙarni na 16 ne, kullum ka ƙara ɗaya. (Kuma Tondibin nan da sojojin Maroko suka karya Songai tana arewa da Gao cikin Mali, ba Tondibiya ta kusa da Yamai ba, na taɓa samun wannan a takardar yaro, na yi dariya har na ajiye bik.) Na biyu shi ne 18 ga Disamba 1958 da 3 ga Agusta 1960, ɗaya ranar jamhuriya ɗaya ranar ƴancin kai, duk shekara ana hutunsu amma duk shekara ana cakuɗa su. Maganin duka biyu, layin lokaci a ƙasan takarda, ka ja shi a kwance ka jera abubuwa yadda suka faru: ƙuri'ar raba gardama 28 ga Satumba 1958 wadda Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba suka nemi a ce a'a ga zama tare da Faransa aka kada su, sannan jamhuriya, sannan ƴanci da Diori Hamani. In ka gan su a jere ba ka ƙara sa ɗa gaban ubansa.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kwafar Faransancin da ba a gane ba. Yaro ya rubuta kalma mai tsawo, harafi bai ɓace ba, ka ce fassara mini da Hausa ya tsaya yana sosa ƙeya. Jarabawa da Faransanci ake yinta, wannan gaskiya ne, gurbin ka cike shi da Faransanci. Amma gefen nan da na ce naka ne babu dokar da ta hana ka sa Hausa a ciki. An yi maganar aikin dole na zamanin Turawa, rubuta "fartol, irin wanda kaka ke faɗi" in haka gidanku ke kiransa. An yi maganar Shehu Usmanu da jihadin 1804, rubuta cewa a Maratta aka haife shi, nan wajen Galmi, ba wata duniya ba. Abin da ka rataya a jikin abin da ka sani ba ya faɗuwa da sauri.

Hoton WhatsApp kuwa ba zan daɗe kansa ba. Ba ka zo aji ba, abokinka ya ɗauko maka hoton takardarsa, ka kwafe har da kuskurensa. Shekaran jiya mutum tara suka ba ni Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi ma Faransa tawaye, ya kewaye Agadas a 1961, don wanda suka kwafa ya juya 1916. In ka kwafa, buɗe littafi ka gwada, ko ka tare ni a bakin aji, ba na cizo.

Wani kuskuren ba a aji ake yinsa ba, a gida ne. Takarda ta cika sai a ninke ta cikin kaye, ba a sake ganinta sai daren dabuwar, wato jarabawar aji, lokacin an manta mi kibiyar nan take nufi. Ni abin da nake ce ma nawa, a daren ranar, bayan isha'i, minti goma ya isa: rufe amsoshin da tafin hannu, karanta kan layi, faɗi abin da ke ƙasa da ka. Sannan juya bayan takardar ka rubuta layi ukku da bakinka, wa ya yi mi, don mi, mi ya biyo baya. In ƙanenka na kusa ba shi labarin Sarauniya da yadda ta tsaya ma ayarin Voulet da Chanoine a Lugu cikin Afrilun 1899, inda ka ji ka tsaya kana "eh... to...", nan ne ramin yake, sa alamar tambaya ka kawo mini gobe. Masu bik kala huɗu da ke kwana ja ma kan darasi layi da rula, ado ya yi kyau, amma ba shi ake tambaya a jarabawar brebe ba.

Mu malamai ma muna da namu, kada in ɗora ma yara duka. Takardata ta farko gurbi arba'in da wani abu na sa a shafi ɗaya, kusan duka shekaru da sunaye, to ni na koya musu farautar da nake kuka da ita. Yanzu ba na wuce goma sha biyu, kuma aƙalla ukku daga ciki manya ne, layi biyu-biyu babu komi, an rubuta "dalili" a gabansu. In na iso wurin sai in ajiye alli in yi shiru minti biyu, kowa ya rubuta nasa, sannan in ta da mutum biyu su karanta a gwada. Ranar farko da na yi haka wani daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce mushe ai ba ka faɗi abin da za mu sa ba. Na ce na faɗa tun ɗazu, kai dai kana jiran lamba ne.