Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Middle da Centre a Rubutun Turanci

Bahaushe yakan ce tsakiyar dare, tsakiyar gari da tsakiyar da'ira, kalma ɗaya ta wadatar da shi, amma Turanci ya raba wannan aiki tsakanin middle da centre, kuma a nan ne ɗalibai da masu fassara suke yawan tuntuɓe. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a fara sanin inda kowace ta fito, domin har yanzu asalinsu yana bin ma'anarsu.

Middle 'yar gida ce a Turanci. A tsohon Turanci ana rubuta ta middel, tana da dangantaka da Mitte ta Jamusanci da medius ta Latin, kuma tun fil azal ma'anarta ita ce abin da yake tsakanin gefe biyu, ba tare da an auna shi daidai wa daida ba. Ita kuwa centre baƙuwa ce da ta shigo ta hanyar Faransanci a ƙarni na 14. Tushenta kentron ne na Girkanci, wato tsinke mai kaifi da ake zungurar shanu da shi, daga baya masana lissafin Girka suka ari sunan suka ba ƙafar kamfas mai tsini. Duk wanda ya taɓa zana da'ira a aji ya san yadda ake kafa wannan tsini a kan takarda, a juya fensir kewaye da shi, a bar wani ɗan ƙaramin huji. Wannan hujin shi ne centre, wuri guda tak wanda komai yake kewayawa.

Saboda haka, tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce ko maganar lokaci ake yi. Idan lokaci ne, middle ce kaɗai ta dace. Ana cewa in the middle of the night ko in the middle of August, ba a cewa centre of the night ko kaɗan. Haka nan idan mutum yana tsaka da wani aiki, kamar a kira shi a waya yana cikin cin abinci, zai ce I am in the middle of eating. Matsayin da yake tsakanin babba da ƙarami shi ma rabon middle ne, shi ya sa ake kiran masu matsakaicin hali middle class, dillali kuma middleman, sannan gurbin suna na tsakiya a fom ɗin jarrabawa ko na banki ake rubuta masa middle name.

Idan wuri ne ake nufi, sai a ƙara lura, domin a nan ne kalmomin biyu suke gogayya. Gwajin da ya fi aiki a ganina shi ne ka duba ko kalmar cibiya za ta zauna a jimlar Hausa. Idan ta zauna, to centre ake bukata, kamar health centre ga cibiyar lafiya, ko city centre ga inda kasuwanni da ofisoshi suka taru, ko da kuwa wurin yana gefe ne a taswira. Idan kuwa akuya ce ta tsaya a kan titi ta tare motoci, in the middle of the road za ka ce, tun da babu wanda ya auna faɗin titin. A ɗaki ko a teburi duka biyun suna karɓuwa, sai dai centre tana nuna an daidaita abin da gangan. A lura kuma cewa middle ta fi tafiya da kalmar Turanci "in", alhali centre tana karɓar "in" da kuma "at".

Sunayen da suka riga suka kafu ba a taɓa su. Gabas ta Tsakiya Middle East ce, sunan da wani masanin dabarun yaƙin ruwa ɗan Amurka, Alfred Thayer Mahan, ya taimaka wajen yaɗawa a 1902. A Nijeriya ma ana cewa Middle Belt, amma shiyyar siyasa sunanta North Central.

Akwai kuma gajeriyar siga mid wadda ake liƙawa a gaban kalma. A midday da midnight da midfield ana haɗe ta, amma idan babban baƙi ko lamba ce ta biyo baya, dole a sa karan ɗori, kamar mid-June da mid-1990s. Kada midwife, wato ungozoma, ta ruɗe ka: mid ɗin da ke cikinta wata tsohuwar kalma ce daban mai nufin tare da, don haka ma'anarta mai kasancewa tare da mace.

Game da rubutu, centre ta Ingila ce, center kuma ta Amurka, wadda ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya ƙarfafa. Makarantun Nijeriya sun fi bin tsarin Ingila, saboda haka ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ya riƙe centre, ya kuma duba kada kwamfutarsa ta sauya masa ita zuwa ta Amurka bai sani ba.